Tafarnuwa: Sai An Gwada Akan San Na Ƙwarai

Da wuya a sami tashar mota ko kasuwar ƙauye a ƙasar Hausa wadda ba a taɓa jin mai tallar magani ya saki lasifika yana zayyana cututtukan da tafarnuwa ke kashewa ba. Hawan jini, ciwon sukari, taifot, sanyin ƙashi, basir, har da waɗanda ba su da suna, wai duk ɗan tafarnuwa guda a haɗiye da sassafe ya ishe su. A ɗaya gefen kuma akwai wasu 'yan boko waɗanda da zarar an ambaci tafarnuwa a zancen lafiya sai su taɓe baki, su ce ai wannan sha'anin tsofaffi ne. Ɓangarorin nan biyu, duk da saɓanin da ke tsakaninsu, sun yi tarayya a kan abu ɗaya: babu wanda ya gwada a cikinsu. Alhali kuwa tafarnuwa tana daga cikin tsirran da masana suka fi bincika a duniya, kuma abin da binciken ya nuna shi ne abinci ce mai amfani na haƙiƙa, amma amfanin yana da iyaka, kuma jahiltar wannan iyaka ya taɓa cin rayuka. Babu inda ya fi dacewa ɗalibin sakandare ya koyi wannan bambanci kamar lambun makarantarsa.

Tafarnuwa, wadda masana tsirrai ke kira Allium sativum, 'yar uwar albasa ce ta jini. Asalinta daga tsakiyar nahiyar Asiya ne, kuma ta daɗe da shiga hannun ɗan Adam. Wani daɗaɗɗen kundin likitancin Masar da aka rubuta wajen shekara 1550 kafin haihuwar Annabi Isa ya ambace ta cikin haɗe-haɗen magani, an kuma sami dunƙulenta a kabarin Fir'auna Tutankhamun. Ke nan ba Bahaushe kaɗai ya ga wani abu a jikinta ba. Ruwa dai ba ya tsami banza. Sai dai daɗewar magana ba ita ce hujjar gaskiyarta ba, domin an daɗe ana faɗin abubuwa da yawa waɗanda gwaji ya zo ya rushe.

Mai karatu ya ɗauki ɗan tafarnuwa guda, ya ɓare bawonsa a hankali ba tare da ya ji masa rauni ba, ya sansana. Zai tarar kusan babu wari. Ya sa shi a turmi ya daka, nan take ɗaki ya gauraye. Daga ina warin ya fito? Amsar wannan tambaya ita ce mabuɗin duk abin da ya shafi amfanin tafarnuwa. A cikin naman ɗan tafarnuwa akwai wani sinadari mai ɗauke da farar wuta, wato salfa, wanda ake kira aliyin, shi kuwa ba shi da wari. Akwai kuma wani sinadarin dabam, daga cikin irin waɗanda aikinsu shi ne hanzarta sauyawar wasu sinadarai, sunansa aliyinas. Tsiron ya adana waɗannan biyun a ɗakuna dabam-dabam cikin ƙwayoyin halittarsa, kamar yadda mai hankali ke raba ashana da kananzir. Da zarar an daka, ko an yanka, ko ƙwaro ya ciza, sai bangon ɗakunan ya fashe, su haɗu, cikin daƙiƙoƙi kaɗan a sami sabon sinadari mai yaji da wari wanda ake kira alisin. Makamin tsiron ne na kare kansa daga ƙwari da ƙwayoyin cuta na cikin ƙasa, ba don ɗan Adam ya tanade shi ba. Mutum dai ya tsinci dami ne a kala.

An ɗauki kimanin shekara ɗari kafin a warware wannan sirri. A 1844 wani masanin sinadarai mai suna Theodor Wertheim ya tatso mai daga tafarnuwa ta hanyar turara ta. A 1944 Chester Cavallito da John Bailey a Amurka suka ware alisin, suka kuma nuna cewa yana hana ƙwayoyin bakteriya yaɗuwa. Bayan 'yan shekaru Arthur Stoll da Ewald Seebeck a ƙasar Suwizalan suka gano aliyin da yadda yake rikiɗa.

Wannan ilmi yana da amfani har a madafa. Aliyinas ba ya jure zafi. Idan uwargida ta jefa 'ya'yan tafarnuwa sukutum cikin tafasasshiyar miya, zafi zai kashe shi tun bai yi aikinsa ba, sai a sami ɗanɗano amma alisin kaɗan ne ko babu. Idan kuwa ta daka ta, ta bar ta kamar minti 10 kafin ta zuba, ta kuma zuba ta gab da sauke tukunya, to sinadaran sun riga sun haɗu kuma wuta ba ta daɗe tana cin su ba. Amma fa alisin kansa ba ya daɗewa. Yana rikiɗa zuwa wasu sinadarai masu farar wuta. Ɗaya daga cikin waɗanda jiki ke samarwa bayan an ci ta yana shiga jini, ya bi ta huhu ya fito cikin numfashi, wani kuma ya fito ta gumi. Shi ya sa asuwaki ko buroshi ba sa raba mutum da warin, domin ba a haƙori yake ba. Wannan ma ya isa ya fahimtar da ɗalibi hikimar umarnin da aka sani a hadisi, cewa wanda ya ci ɗanyar tafarnuwa ya nisanci sahun jama'a a masallaci har warin ya gushe.

To, a nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Gaskiya ne ruwan tafarnuwa yana kashe ƙwayoyin cuta iri-iri a cikin farantin gwaji. Amma farantin gwaji ba jikin mutum ba ne. A faranti, alisin yana taɓa ƙwayar cutar kai tsaye, da ƙarfinsa. A jiki kuwa, sai ya ratsa ruwan ciki mai tsami, ya bi hanji, ya shiga hanta, kuma kafin ya kai ko'ina ya riga ya sauya kama, har ma masu bincike ba sa samunsa a jinin wanda ya ci tafarnuwa. Ruwan sabulu ma yana kashe ƙwayoyin cuta a faranti, ba wanda ya ce a sha shi don taifot. Saboda haka hanyar sanin amfanin tafarnuwa ga mutum ita ce a gwada ta a kan mutane: a raba su rukuni biyu ta hanyar ƙuri'a, a ba rukuni ɗaya tafarnuwa, a ba ɗayan wata ƙwaya mai kama da ita wadda babu komai a cikinta, ba tare da kowa ya san abin da aka ba shi ba, sannan a auna.

An yi irin wannan gwaji sau da dama, kuma inda tafarnuwa ta fi fitar da kanta kunya shi ne wajen hawan jini. A 2020 wata mai bincike a Ostireliya, Karin Ried, ta tattara sakamakon gwaje-gwaje 12 da aka yi a kan masu hawan jini 553, ta tarar cewa ƙwayoyin tafarnuwa sun rage lambar sama ta awon jini da kimanin maki 8, ta ƙasa kuma da kimanin 5. Wannan ba abin rainawa ba ne. Amma mai karatu ya yi lissafi da kansa. Dattijon da awonsa ya kai 170, in an rage masa 8 ya koma 162, har yanzu yana can sama da 140, wato yana cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Bugu da ƙari, yawancin gwaje-gwajen na 'yan watanni ne, a kan mutane kaɗan, kuma da ƙwayoyin da aka sarrafa a masana'anta aka yi su, waɗanda aka san adadin sinadarin da ke cikinsu. Abin da suka auna shi ne saukar lamba, ba raguwar mace-mace ba. Magungunan hawan jini na asibiti kuwa an gwada su a kan dubban mutane shekara da shekaru, an tabbatar suna hana mutuwa. Wanda ya ajiye su ya rungumi tafarnuwa ya saki reshe ya kama ganye.

A wajen kitsen jini, wato kolastirol, labarin bai yi daɗi haka ba. A 2007 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi a kan mutum 192 na tsawon wata shida. Wasu sun ci ɗanyar tafarnuwa, wasu ƙwayoyinta iri biyu, wasu ƙwayar da ba komai a cikinta. Da aka auna mugun kitsen jininsu, ba a ga wani bambancin kirki ba. Wasu gwaje-gwajen sun nuna ɗan raguwa, amma wannan da aka tsara da kyau bai nuna ba, kuma ɗalibin kimiyya ba ya zaɓen sakamakon da ya yi masa daɗi ya ɓoye wanda bai yi ba. Game da mura, akwai wani gwaji da aka yi a Ingila a 2001 a kan mutum 146 na tsawon mako 12, inda masu shan ƙwayar tafarnuwa suka yi mura sau 24, sauran kuma sau 65. Sakamako ne mai jan hankali, sai dai gwaji guda ne, tsuntsu ɗaya kuwa ba ya zama garke.

Abin da ya sa wannan magana ta wuce gardamar teburin mai shayi shi ne abin da ya faru a Afirka ta Kudu. Manto Tshabalala-Msimang, wadda ta riƙe muƙamin ministar lafiya ta ƙasar daga 1999 zuwa 2008, ta yi ta kambama tafarnuwa da lemon tsami da wasu kayan lambu ga masu cutar ƙanjamau, tana kuma jefa shakka a kan magungunan rage kaifin cutar. A babban taron duniya kan ƙanjamau da aka yi a Toronto ta Kanada a 2006, har tafarnuwa aka baje a rumfar ƙasarta. A 2008 masu bincike na Jami'ar Harvard suka ƙiyasta cewa jinkirin raba magungunan ya jawo asarar rayuka fiye da 330,000 tsakanin 2000 da 2005. Ba tafarnuwa ce ta kashe su ba. Ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba ne, tare da sauran kurakuran gwamnatin wancan lokaci. Wani abin takaici kuma, tun a 2002 wani bincike a Amurka ya nuna cewa ƙwayoyin tafarnuwa suna rage yawan ɗaya daga cikin magungunan ƙanjamau na zamanin, mai suna sakwinabir, da kusan rabi a cikin jini. Haka kuma a 2020, da annobar korona ta ɓarke, sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito ta bayyana cewa babu hujjar da ta nuna cin tafarnuwa yana kare mutum daga cutar, saboda yadda jita-jitar ta cika wayoyin jama'a.

Zuma ma da zaƙi da harbi. Tafarnuwa tana rage saurin daskarewar jini, don haka mai shan maganin tsinka jini, da wanda za a yi wa tiyata, wajibi ne su gaya wa likita in suna cin ta da yawa ko suna shan ƙwayoyinta. Ɗanyarta a cikin da babu abinci tana tayar da ƙwannafi, tana kuma takura wa mai gyambon ciki. Ɗaura dakakkiyarta a fata, musamman fatar jariri, yana ƙona wurin kamar wuta. Amma ɗa ɗaya ko biyu a rana cikin miya, ko cikin yaji, ko a dafa-duka, abu ne mai kyau ga yawancin mutane, kuma yana da wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: abincin da ya ji tafarnuwa da citta da daddawa ba ya buƙatar gishiri da dunƙulen ɗanɗano masu yawa, rage gishiri kuwa tabbataccen taimako ne ga mai hawan jini.

Tun da amfaninta a tukunya yake, sai a koma ga yadda za ta kai tukunyar. Ƙasar Sin ita kaɗai tana noma fiye da kashi biyu bisa uku na tafarnuwar duniya, Indiya na biye da ita daga nesa, kuma manyan fararen dunƙulen da ake gani a kasuwannin birane da yawansu shigo da su ake yi. Alhali ƙasar Hausa ba baƙuwar wannan noma ba ce. Ana yin sa da rani a Wurno da Goronyo ta jihar Sakkwato, da Kofa ta ƙasar Bebeji a jihar Kano, da lambunan duwatsun Azbin a arewacin Agadas. Abin da waɗannan wurare suka haɗa shi ne sanyin hunturu da ruwan ban ruwa.

Tafarnuwar da ake nomawa ba ta yin irin da ake shukawa kamar gero ko albasa. 'Ya'yan dunƙulen ake ɓantarewa a shuka, saboda haka kowane tsiro kwafin uwarsa ne, da kyawunta da cutarta. Wannan ya sa zaɓen iri shi ne rabin aikin. A nemi dunƙule mai tauri, marar ruɓa, daga manomin yankin, a ɓare shi kwana ɗaya ko biyu kafin shuka, a ɗauki manyan 'ya'yan da ke gefe, a kai ƙananan tsakiya madafa. Babban ɗa yana da guzurin abinci mai yawa, shi ke ba da tsiro mai ƙarfi. Ita kuwa ta ƙasashen waje, duk da kyan ganinta, sau da yawa ba ta yin dunƙule mai kyau a nan, domin ta saba da sanyi da tsawon yini irin na ƙasarsu, wani lokaci ma an sa mata maganin hana tsiro.

Lokacin shuka shi ne inda manomi ke ci ko ya faɗi, kuma dalilinsa darasi ne na ilmin halittu. Rayuwar tafarnuwa zango biyu ce. A zangon farko ganye take yi, tana kuma son sanyi. Da zarar ta fara dunƙule sai fitar sabon ganye ya tsaya, abincin da ganyen ya sarrafa ya riƙa gangarawa ƙasa. Ke nan girman dunƙule ya dogara ne a kan yawan ganyen da ta samu kafin zafi ya shigo. Wanda ya shuka a farkon Nuwamba ya ba ta Disamba da Janairu cur ta yi ganye. Wanda ya yi nawa har Janairu, zafin bazara zai tarar da ita tana ƙarama, ya tilasta mata nuna, a tono 'yan ƙanana kamar gujiya.

Tana son ƙasa mai laushi wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, irin turɓayar gefen fadama. Taɓo mai ɗauri yana matse dunƙule, ruwan da ya kwanta kuma yana ruɓar da shi. A kafce ƙasa sosai, a gauraya ta da takin dabbobi wanda ya riga ya ruɓe, a fitar da fangali. A soka kowane ɗa zurfin santimita 3 zuwa 5, tsininsa na kallon sama, gindinsa na ƙasa, tazarar santimita 10 tsakanin ɗa da ɗa, 15 tsakanin layi da layi. Da wannan tazara, fangali mai faɗin mita ɗaya da tsawon mita biyu zai ɗauki kimanin 130. Saiwarta ba ta nisa, don haka ban ruwa kaɗan-kaɗan a kai a kai ya fi a malala mata ruwa sau ɗaya a bar ta. Shimfiɗa mata busasshiyar ciyawa ko buntun shinkafa yana riƙe laima. Ganyenta siriri ne, ba ya inuwar da za ta danne ciyawa, sai an bi ta da cira da hannu. In za a sa takin zamani mai ƙara ganye, a sa shi cikin makonni shida na farko, domin na ƙarshe yana jinkirta nuna, yana kuma rage daɗewarta a ajiya. Tun da yake yajinta daga farar wuta yake fitowa, taki mai ɗauke da salfa, kamar sufa, yana yi mata amfani. Kada a shuka ta inda aka cire albasa bara, saboda cutarsu ɗaya, ƙwarinsu ɗaya, musamman 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan da ke ɓuya a hammatar ganye suna tsotse shi har ya yi fari-fari.

Duk wannan bai fi ƙarfin makarantar da ke da rijiya ko famfo ba, kuma a nan ne malamin kimiyya zai sami ɗakin gwajin da ba ya buƙatar wutar lantarki. Aji ɗaya ya shuka manyan 'ya'ya a fangali guda, ƙanana a wani. Wani ajin ya shuka a Nuwamba, ya sake shukawa a Janairu. Kome da kome ya zama iri ɗaya in ban da abu guda da ake gwadawa, a riƙa ƙirga ganye kowane mako ana rubutawa, ranar girbi a ɗora a sikeli. Ɗalibin da ya yi wannan da hannunsa ya fahimci abin da masu binciken Stanford suka yi fiye da wanda ya haddace shafi goma. Ana iya ƙarawa da gwajin kwalabe uku: a zuba ruwan ɗumi da sukari da yis na burodi daidai wa daida a kowace, a sa dakakkiyar ɗanyar tafarnuwa a ta farko, a sa wadda aka dafa sukutum sannan aka daka a ta biyu, a bar ta uku haka nan, a rufe bakin kowace da balan-balan, a zuba ido a ga wadda za ta riga kumbura. Daga nan malami ya jefa musu tambayar da ta fi kowace muhimmanci: shin abin da ya sami yis a kwalba ya isa hujjar abin da zai sami ƙwayar taifot a hanjin mutum? Matsala ɗaya da ya kamata shugaban makaranta ya tanada tun wuri ita ce hutun Disamba, wanda ke faɗowa daidai lokacin da shukar ta fi buƙatar ruwa. Sai an tsara wa ɗaliban da ke kusa kwanakin ban ruwa, in ba haka ba a dawo a tarar da kara.

Bayan wata huɗu ko ɗoriya kaɗan, wajen watan Maris, ganyen ƙasa zai fara rawaya yana bushewa. A nan sai a janye ruwa kamar mako biyu. Idan kimanin rabin ganyen ya bushe, a sassauta ƙasa da fartanya a ɗago dunƙulen a hankali, kada a fizge, kada kuma a bari ya wuce lokaci har bawon ya tsage 'ya'yan su watse. Ba a wanke ta. A ɗaure ta dami-dami da ganyenta, a rataye a inuwa mai iska mako biyu zuwa uku har wuyanta ya bushe ƙayau, sannan a adana a kwando ko buhun raga, ba a leda ba. Kafin a raba wa ɗalibai ko a kai wa masu dafa abincin makaranta, a fara ware dunƙulen da suka fi girma da lafiya, a rubuta musu fangalin da suka fito da ranar da aka tone su, a ajiye wa ajin da zai shuka a Nuwamba mai zuwa.